Na'ura Ce Ta Yi Mata Ta'aziyya Da Sunana

Anti, barka da aiki. Don Allah ki taimake ni da shawara, kuma ki sakaya sunana, domin wasu daga cikin mutanen da zan ambata suna karanta wannan fili. Yau kwana tara ina rubuta wasiƙar nan ina gogewa. Idan kin ga na yi ta kewaye-kewaye ki yi haƙuri da ni, haka abin yake a raina.

Ni mai koyar da lambu ce, amma ba lambun gona ba. A gidan haya muke, bene mai hawa uku, kuma mai gidan ya bar mini can saman ginin inda tankunan ruwa suke. A nan nake shuka tumatir da barkono da latas da albasa a cikin buhuna da tsofaffin bokitai da tayoyin mota. Shekara huɗu da suka wuce na fara ɗaukar bidiyon yadda nake yi, sai wata ƙawata ta ba ni shawarar in buɗe shafi a irin dandalin nan da mutum yake biya duk wata ya zama mamba, ya kalli darussa, kuma ya riƙa turo wa mai shafin saƙo kai tsaye. Na buɗe. Da bakina na yi musu alkawari a bidiyon farko cewa duk wanda ya turo hoton shukarsa, ni zan duba, ni zan amsa.

Da fari ba mu fi mu talatin da wani abu ba, kuma na san kowa. Na san mai gadin wata ma'aikata da yake shuka a bayan ɗakin gadi yana ɓoye wa shugabansa. Na san wata matashiya ma'aikaciyar banki da ta kashe na'a-na'a har sau uku saboda yawan ban ruwa, kullum ina ce mata ta daina ba shuka ruwa don tausayi. Idan na sauke girkin rana sai in hau sama, in zauna a inuwar tanki a kan wata kujerar roba mai karyayyen hannu, in yi ta amsa musu da murya, hannuna duk ƙasa. Suna jin tantabarun maƙwabta a bayan maganata, har wani ya taɓa tambaya ta ko ina kiwonsu ne. Anti, ban taɓa jin daɗin aiki kamar na wancan lokacin ba.

A cikinsu akwai wata dattijuwa da muke ce wa Mama Nas, don shekara talatin ta yi tana aikin jinya kafin ta yi ritaya. Ita ce mamba ta bakwai. Mijinta, wanda duk muke kira Baba, ya samu shanyewar ɓarin jiki yana kwance, ita take jinyarsa ita kaɗai, 'yarsu guda tana aure a wani gari. Barkono take shukawa a bokitan fenti a barandarsu, ta jera su daidai inda zai riƙa hango su daga kan gado. Ta ce tunda bakinsa ya yi nauyi ba ya son magana da kowa, amma duk safiya sai ya ƙirga furen barkonon da yatsun hannunsa mai lafiya, idan guda ya faɗi kuwa ranar ba za ta huta da harara ba. Ba hoto kaɗai take turo mini ba, hira muke yi. Tana yi mini gyaran rubutu, don ni gwanar cinye haruffa ce. Da ƙuraje suka fito wa ɗana a wuya, ita ta kwantar mini da hankali, ta kuma matsa mini sai da na kai shi asibiti. Ba mu taɓa ganin juna ido da ido ba, amma ni uwa na ɗauke ta, musamman da yake tawa ta daɗe da rasuwa.

Sai wani bidiyona na yadda ake ceto tumatir ɗin da ganyensa ya nannaɗe ya yi ta yawo a waya. Cikin 'yan watanni mambobi suka haura dubu biyu. A daidai lokacin kuma na samu cikina na uku, ya zo da laulayi da hawan jini, likita ta ce in kwanta in huta. Ina kwance saƙo yana shigowa kamar ruwan sama, har ɗari uku a yini. Babban yatsana ya kumbura saboda danne-danne. Babbar 'yata da aka tambaye su a aji sana'ar iyayensu, sai ta ce ummanta kallon waya take yi. Malamar ta faɗa mini tana dariya, ni ma na yi dariya, amma da na dawo gida abin ya dame ni.

Dandalin yana da wata na'ura mai amsa saƙo da kanta. Ana ba ta tsofaffin saƙonnin mutum ta koyi yadda yake magana, daga nan ta ci gaba da amsawa a madadinsa. Maigidana, wanda malamin makaranta ne kuma shi yake taya ni harkar shafin, ya ce in kunna ta ko da zuwa lokacin da zan haihu. Na zuba mata saƙonnina na shekara uku. Anti, da na ga amsarta ta farko sai da na sake karantawa, kamar ni na rubuta. Ta san ina ce wa manyan mata Mama. Ta san zancen ban ruwa don tausayi. Har ɗabi'ata ta rufe saƙo da tambayar lafiyar shuka ta ɗauke.

Ga inda laifina yake, ba zan ɓoye miki ba. Akwai wani wuri da ake dannawa, sai a rubuta a ƙasan kowace amsa cewa na'ura ce ta rubuta. Maigidana ya ce idan mutane suka ga haka za su watse, tunda ni suka biyo. Na bar shi a kashe. Na ce wa kaina ai na wata biyu ne. Na haihu lafiya, na ci gaba da ɗaukar bidiyo, na ga babu mai ƙorafi, mambobi ma yabon saurin amsata suke yi. Wata biyu ya zama bakwai. Kullum ina cewa gobe zan leƙa akwatin saƙo, ko don in gaishe da Mama Nas, amma idan na buɗe na ga dubban saƙonni sai in rufe.

Ranar Laraba ta makon jiya da hantsi ina sama ina ɗaure tumatir a jikin kara, sai aka kira ni a tsohon layina, wanda 'yan farkon nan kaɗai suka sani. Muryar Mama Nas ce. Murna ta kama ni, na buɗe baki zan tambayi jikin Baba, Allah ya taimake ni ta riga ni magana. Ta ce tun da Baba ya rasu gidan ya yi mata girma, don haka 'yarta ta matsa za ta koma wurinta da zama. Anti, ban san ya rasu ba. Wata huɗu ke nan. Na dafa tanki na zauna a ƙasa. Ta ci gaba da cewa abin da na faɗa mata a kwanakin rasuwar har yanzu yana ranta, kuma ba ta da bakin gode mini. Ni kuwa da bakin nan nawa na ce, "Haba Mama, ba komai." Ta ce gidan 'yarta babu baranda, ta rabar da bokitan duka sai guda ɗaya, wanda Baba ya fi so. Motarsu za ta bi ta garinmu nan da mako uku, tana so ta tsaya ta kawo mini shi da hannunta, ta kuma ga fuskata.

Da muka ajiye waya ban sauko ba. Na nemo sunanta na karanta duk hirar da ta yi da na'urar tun daga farko, har rana ta bar inuwar tankin ta dawo kaina ban motsa ba. Ta ba ta labarin ranar da Baba ya ƙi cin abinci. Ta ba ta labarin ranar da ya yi ƙoƙari ya kira sunanta. Ta rubuta cewa ta gaji, tana jin kunyar faɗa wa 'yarta ta gaji, ni kaɗai za ta iya faɗa wa. Duk na'urar tana amsa ta da kalamai masu daɗi, wasu ma sun fi waɗanda ni zan iya haɗawa. A wani wuri Mama ta rubuta, "Kwana biyu ba na jin muryarki, sai rubutu." A wani wurin kuma, "Yanzu kin daina cinye haruffa, kin bar ni babu aikin yi." Na'urar ta mayar mata da wasa ta wuce.

Kwana biyar bayan rasuwar Mama ta turo layi ɗaya tak, ta ce Baba ya tafi. Cikin minti ɗaya amsa ta je mata da addu'a da ban haƙuri, a ƙarshe kuma, kamar yadda ta saba, na'urar ta tambaye ta yaya barkonon. Da na ga wannan tambaya na ji kamar ƙasa ta tsage in shige, don ni a ganina rashin hankali ne a tambayi mai makoki shuka. Amma ki ji amsar Mama: "Kowa ya zo sai ya ce yaya haƙuri, ke kaɗai kika tuna da barkononsa. Na tashi na ba su ruwa yanzu, rabon da in fita barandar tun ranar." Wannan ce maganar da take gode mini a kai.

Maigidana ya ce kada in kuskura in faɗa mata. Ya ce matar ta samu abin da ta jingina da shi a lokacin da ta fi buƙata, idan na tona na ƙwace mata shi ne kawai don in samu sauƙi a raina. Ya ce ai kalamaina ne na'urar ta koya, don haka kusan ni ce. Wani lokaci ina ganin gaskiyarsa. Amma idan na tuna za ta hau matakalar nan ɗauke da bokiti, ta rungume ni saboda maganar da ban yi ba, sai in ga ba zan iya ba.

Abin da ya fi ci mini rai ma ba kunyar ba ce, kewa ce. Wata bakwai tana buɗe mini zuciyarta ina raye, ina nan a benenmu ina wanke kayan jariri, ban ji ba. Ni ya kamata in ji ranar da ya kira sunanta. Ina kewar mutum talatin ɗin nan, ina kewar aika murya hannuna da ƙasa, ina kewar a gyara mini rubutu. Yanzu ina tsoron buɗe sauran saƙonnin, don ban san mutum nawa ne suka yi mini magana irin tata ba. Kashe na'urar kuma ba zan iya ba, hannu biyu gare ni da 'ya'ya uku, kuma da shafin nan muke rufa wa kanmu asiri.

Anti, in faɗa mata ko in yi shiru in karɓi bokitin? Kuma yaya zan yi in dawo da abin da na rasa ba tare da na rushe abin da na gina ba?

Taki,
Mai lambun saman bene

AMSA

Ƙanwata, na karanta wasiƙarki sau biyu. Allah ya raya jariri, ya ƙara miki lafiya, ya jiƙan Baba.

Zan fara da sauke miki kayan da ba naki ba. Kunna na'urar ba laifi ba ne. Mace mai ciki da hawan jini ba za ta amsa saƙo ɗari uku a yini ba, kuma yawancin masu tambayar dalilin da ganye ya yi rawaya amsa suke nema, ba ƙawance ba. Na'urar ta yi musu aiki, ta kuma bar ki kin haihu lafiya. Laifin guda ne, kin riga kin nuna shi da kanki: kin yi alkawarin ke za ki amsa, sannan kika ɓoye cewa ba ke ba ce. Wannan kuwa yana gyaruwa.

Maganar maigidanki ba ta banza ba ce, kada ki raina ta. Akwai gaskiyar da mutum yake faɗa don ya sauke nauyi daga kansa ya ɗora wa wani, kuma ya yi daidai da ya ja miki kunne a kai. Da a ce Mama Nas za ta wuce abinta ba za ku sake haɗuwa ba, da na daɗe ina auna maganarsa. Amma ba haka abin yake ba. Matar nan tana shirin shigowa rayuwarki da ƙafarta. Za ta zauna a ɗakinki ta ce kin tuna ranar da na ce miki kaza, ke kuma ki gyaɗa kai. Bayan ta koma za ta ci gaba da rubutu, na'ura ta ci gaba da amsawa, ko kuma ke ki riƙa kwaikwayon na'urar da ta kwaikwaye ki. Uwar da kike kewa ba za ki same ta ta wannan hanya ba, domin duk zaman da za ku yi hankalinki zai tafi wajen tsaron bakinki.

Ki kuma lura da wani abu. Macen da ta shekara talatin tana karanta fuskar marasa lafiya ta ce miki ba ta jin muryarki, ta ce kin daina cinye haruffa, sannan da za ta yi magana mai muhimmanci ba ta rubuta a shafin ba, sai ta nemo tsohon layinki. Ban ce ta sani ba, don ban shiga zuciyarta ba. Amma kada ki ɗauke ta a matsayin wadda ba ta lura da komai ba. Wataƙila ta daɗe tana jin akwai abin da ya sauya, ta rasa yadda za ta tambaya ba tare da ta kunyata ki ba.

Shawarata ita ce ki faɗa mata, kuma ki faɗa kafin ta kama hanya. Kada ki bari sai ta hau matakala da bokiti a hannu, lokacin da ba ta da zaɓi sai ta yi murmushin dole. Ki kira ta a cikin makon nan, da muryarki, a lokacin da yara ba sa kusa. Kada ki fara da labarin laulayi da kumburin yatsa, zai fito kamar kare kai. Ki ce mata kai tsaye tun wata kaza ba ke kike amsawa ba, ba ki san da rasuwar Baba ba sai ranar da ta kira, kuma kin ji kunyar faɗa a lokacin. Ki gaya mata kin zauna kin karanta duk abin da ta rubuta, domin tana da haƙƙin sanin cewa yanzu maganganunta sun isa kunnen mutum. Sannan ki yi shiru ki saurare ta, ko da faɗa za ta yi.

Game da tsoron cewa za ki ƙwace mata abin da ta jingina da shi, ga yadda nake gani. Na'urar ba ta san Baba ba, ba ta san barkono ba. Ta yi tambayar ne don ke kin shekara uku kina rufe saƙo da ita, saboda kin damu da shukar mutane da gaske. Tashin da Mama ta yi ta ɗauki ruwa ta fita baranda kuwa ita ta yi shi da ƙafafunta, babu wanda zai iya karɓe mata. Abin da za ta rasa shi ne zaton cewa kina tare da ita a ranar, kuma wannan zai yi mata ciwo, ba zan yaudare ki ba. Tana iya fasa zuwa. Tana iya ɗaukar watanni ba ta neme ki ba. Idan haka ta faru ki ba ta lokaci, ki riƙa gaishe ta jefi-jefi ba tare da kin matsa ba.

Shafin kuma, ki kunna alamar nan mai nuna cewa na'ura ce ta rubuta yau, kada ki jira gobe. Ki yi ɗan gajeren bidiyo ki faɗa wa mambobi gaskiya: tambayoyin shuka na yau da kullum na'ura ce take amsawa da abin da kika koya mata, ke kuma kin ware rana biyu a mako da za ki zauna ki amsa da murya gwargwadon iyawarki. Wasu za su fita, ki shirya wa hakan, ku kuma tattauna da maigidanki tun yanzu don kada ya zo muku a ba-zata. Ki bincika ko ana iya saita na'urar ta dakata ta miƙo miki duk saƙon da ya ambaci ciwo ko rasuwa ko damuwa, idan ba a iyawa ki rubuta wa mambobi cewa irin wannan magana su turo ta wata hanya da ke kaɗai kike gani. Tsofaffin saƙonnin da kike tsoro, ki fara da na mutum talatin ɗinki, biyar-biyar a rana. Ba za ki iya zama 'yar kowa a cikin mutum dubu biyu ba, kuma babu wanda ya isa ya nemi haka daga gare ki, amma talatin ba su fi ƙarfinki ba.

Idan kin kira Mama, bayan kin gama ba da haƙuri, ki yi mata ta'aziyya kamar yau aka yi rasuwar, domin a wurinki yau aka yi ta. Ki roƙe ta ta ba ki labarin Baba da bakinta, ki bar ta ta yi magana har ta gaji.

Allah ya ba ki ƙarfin zuciya, ya sanyaya wa Mama Nas, ya daidaita tsakaninku, ya sa albarka a sana'arki da iyalinki.